Taswirar ruwan ƙasa ta kwamfuta a Zariya: inda take da amfani da inda take ruɗi

A 'yan shekarun nan wasu ƙananan ofisoshin safiyon ruwa a Samaru da PZ sun ƙara sabuwar haja a kan awon lantarkin da suka saba yi kafin a haƙa burtsatse, wato tura lantarki cikin ƙasa don a gane abin da ke ƙarƙashi. Ka faɗa musu gunduma ko ƙaramar hukumar da kake so, su zauna gaban kwamfuta, bayan mako biyu ko uku su miƙo maka taswira mai launi biyar: shuɗi mai duhu inda suka ce ruwa ya fi yiwuwa, ja inda suka ce kada ka ƙona kuɗinka. A allon talla suna kiran abin ƙirƙirarriyar basira, amma sunansa na gaskiya koyon na'ura, wato a nuna wa manhaja rijiyoyin da aka riga aka haƙa, ta lura da irin ƙasar da ta ba da ruwa da wadda ta hana, sannan ta yi wa sauran ƙasar hukunci. Wannan sharhi a kan aikin ɗaya daga cikin ofisoshin ne, taswirar da ya yi wa ƙauyukan duwatsu na gabashin Zariya, daga wajen Dutsen Wai zuwa Kudaru, da kuma irin wadda yake sayar wa masu fili a cikin gari.

Hukuncinmu a taƙaice: ga mai neman wuraren haƙa rijiyoyi masu yawa a ƙasa mai faɗi, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, da sharaɗi. Ga mai fuloti ɗaya, ado ce kawai.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Zariya a kan tsohon dutse take zaune, irin wanda ya leƙo sama a Kufena da Tukur-Tukur, kuma lafiyayyen dutse irin wannan ba ya riƙe ruwa, kamar yadda faranti ba ya shan miya. Ruwan yana wuri biyu ne kacal. Na farko ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara da yumɓu, wanda kaurinsa kan tashi daga 'yan mitoci zuwa mita 30 ko 40 a inda aka yi sa'a. Na biyu tsagogin da ke cikin lafiyayyen dutsen, waɗanda yankinsu wani lokaci bai fi 'yan mitoci a faɗi ba. Ruwan sama a nan yana kai kimanin milimita 1,000 a shekara, saboda haka matsalar Zariya ta mazubi ce. Abin da ya sa kenan za ka ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, wannan sumonsa na cika tanki, wancan an yi ta dukan dutse har mita 80 ƙura ce kawai ke tashi.

Dabarar kanta ba a nan aka raine ta ba. Kaso mai yawa na binciken da aka wallafa a kanta daga ƙasashe masu duwatsu da fari ya fito, irin su Iran da Maroko da Habasha. A duwatsun Zagros na Iran farar ƙasa ce mai koguna a ciki, ƙanƙarar hunturu ce ke narkewa ta shayar da ita, kuma da idanun ruwa ake horar da manhajar. A duwatsun Ayar na arewacin Nijar kuwa, ruwan lambunan Timiya da Tabelot yana cikin yashin ƙoramu ne, wanda ambaliyar damina ke cikawa. A irin waɗannan wurare siffar ƙasa tana faɗin gaskiya sosai: ka bi kwari, ka sami ruwa. Wanda ya kwafo jerin ma'aunan can ya ɗora wa Zariya bai yi laifi a lissafi ba, amma ya ɗauko amsar wata tambaya daban. A rahoton da muke magana a kai an ga alamar haka, domin ruwan sama ya samu matsayi mai girma a cikin ma'aunan, alhali tsakanin ƙauye da ƙauye a yankin bambancinsa bai taka kara ya karya ba.

Yadda ofishin yake haɗa taswirar ba ɓoyayye ba ne, kuma yabo ne a gare su da suka rubuta shi dalla-dalla. Suna ɗauko hoton tudu da kwari na SRTM, wanda kumbon Amurka ya auna a watan Fabrairun 2000, kowane gida nasa mita 30 ne a kan mita 30. Daga shi suke fitar da gangare, da yawan magudanai, da nisa daga rafi, da ma'aunin inda ruwa ke taruwa idan ya gangaro. Ganye da amfanin ƙasa daga hotunan Sentinel-2 suke zuwa, masu gidan mita 10, ko Landsat 8 mai mita 30. Ruwan sama daga CHIRPS, wanda ya tara bayanai tun 1981 amma gidansa ɗaya ya kai kusan kilomita 5. Nau'in dutse daga taswirar hukumar binciken ƙasa ta tarayya. Sai layukan tsaga, waɗanda manhaja ke zarowa daga hoton tauraron ɗan'adam. Hotunan da bayanan ruwan saman duk kyauta ake samu, kuma manhajojin taswira QGIS da Google Earth Engine sun isa a sarrafa su. Kada wani ya ce maka kuɗin da ka biya na sayen hoton tauraro ne. Kuɗin ƙwarewa ne da na tattaro bayanan rijiyoyi.

Manhajar da suka zaɓa Random Forest ce, dabarar da Leo Breiman ya wallafa a 2001. Ana gina bishiyoyin tambaya masu yawa, galibi 500, kowace a koyar da ita da wani yanki na rijiyoyin da wani yanki na ma'aunan, sannan su kaɗa ƙuri'a a kan kowane gidan taswira. Zaɓi ne mai kyau ga irin wannan aiki: tana jure bayanai masu datti, ba ta buƙatar babbar kwamfuta, kuma tana nuna ma'aunin da ya fi tasiri. Ta fi tsohuwar hanyar da masani zai zauna ya raba wa ma'aunai maki da kansa, ya ce dutse kaza ne, gangare kaza ne, domin a can ra'ayin mutum ɗaya ne aka yi wa fenti. Wasu suna ƙara wata manhajar mai suna XGBoost ko su jera manhajoji huɗu a rahoto don ya yi kauri. Wannan bai cika canza komai ba. Wanda aka koyar da shi da ƙarya, ko malamai goma ya bi, ƙaryar zai maimaita.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tambayoyi har a gaji da shi.

Manhajar tana buƙatar misalai iri biyu: rijiyoyin da suka ba da ruwa da waɗanda suka bushe. Na farko suna da sauƙin samu, don kowa na iya zagayawa da waya ya ɗauki lambar wurin duk famfon tuƙa-tuƙan da ya gani. Na biyu su ne gwal, kuma su ne ba a ajiyewa. Mai injin da ya haƙa rami babu ruwa ba ya rubutawa, cike ramin yake yi ya matsa gaba, don ba ya son a ce hannunsa ba shi da sa'a. Ɗan kwangila ma ba ya kai rahoton asara. Ofishin ya cike wannan giɓi da abin da mutane da yawa ke yi: ya sa kwamfuta ta watsa ɗigo a taswira barkatai, ya kira su wuraren da babu ruwa. A ƙasar duwatsu ɗigon nan da yawa a kan ƙoƙon dutse suke sauka, inda ko mahaukaci ba zai kai injin haƙa ba. Sai manhajar ta koyi bambanta kan dutse da fili, abin da yaron da ke kiwon awaki ya riga ta sani. Tambayar da ake biya dominta, wato a cikin filin nan ina ne ruwa, ba a taɓa ta ba.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne. Burtsatse a bakin gari da bakin hanya ake haƙa su, inda mutane suke da inda mota ke iya shiga. Idan aka sa amfanin ƙasa cikin ma'aunai, manhaja za ta yanke cewa rufin kwano alamar ruwa ne. Ka duba taswirar: idan shuɗin ya bi titin Zariya zuwa Pambegua kamar an ja shi da igiya, to garuruwa ta koya.

Layukan tsaga ma suna da nasu rikicin. Manhajar da ke zaro su ba ta san bambanci tsakanin tsagar dutse da duk wani miƙaƙƙen layi ba. A kewayen Zariya za ta kama layin dogo na Kano da na Gusau, da hanyar manyan turakun lantarki, da iyakokin gonaki, har da ragowar ganuwar birni. Gyaran shi ne mutum ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta da hoton tudu da kwari da aka haska daga kusurwa daban-daban, ya goge na bogi. A nan ofishin ya yi ƙoƙari a ɓangaren karkara, an ga hannun mutum a ciki. A taswirar cikin gari kuwa an bar wa kwamfuta, kuma ya nuna. Hoton ganye kuma na ƙarshen rani ake so, Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da duk abin da ya rage kore saiwarsa ta kai ga danshi. Hoton Disamba da Janairu ƙurar hunturu kan dushe shi. Ko a na Maris ɗin sai an cire gonakin noman rani na bakin Galma da fadamun rake, don koren can na injin ban-ruwa ne.

Akwai wani ƙaramin abu mai ɓarna babba. Tsofaffin takardun rijiyoyi da taswirorin Najeriya a kan tsarin lambar wuri da ake kira Minna aka yi su, waya da hoton tauraro kuwa a kan wani tsarin daban mai suna WGS84 suke. Idan aka haɗa su ba tare da juyawa ba, rijiya kan goce da gomman mitoci, ta faɗa gidan da ba nata ba. Wasu takardun ma lambar tsakiyar ƙauye aka rubuta a maimakon ta bakin rijiya. Taswirar dutse kuma a duba sikelinta: a mai 1:250,000, milimita 1 a takarda mita 250 ce a ƙasa, a ta ƙasa baki ɗaya mai 1:2,000,000, kaurin layin biro ya haɗiye unguwa guda.

Sai lambar da ake buga ƙirji da ita. Kowane rahoto yana ɗauke da wani maki da ake kira AUC, wanda 0.5 ke nufin canki-canka, 1 ke nufin babu kuskure. Sau da yawa za ka ga an rubuta sama da 0.9 da manyan baƙaƙe. Yadda ake samo shi: a raba rijiyoyi, kashi 70 cikin 100 na koyarwa, 30 na jarrabawa, a raba su barkatai. Amma rijiyoyi a dunƙule suke. Ƙauye ɗaya na iya samun biyar. Idan uku sun shiga aji, biyu sun shiga jarrabawa, ai satar amsa aka yi, tunda maƙwabta ne masu ma'auni kusan ɗaya. Hanyar gaskiya ita ce a yanka yankin gida-gida, kowane kamar kilomita 5 zuwa 10, a cire gida sukutum a yi jarrabawa da shi. Makin zai sauka, wani lokaci sosai, amma shi ne wanda za ka tarar a daji. Ofishin bai yi haka a rahotonsa na farko ba, sai dai yana yi idan an nema, kuma ba ya ɓoye sakamakon. Wannan ya ɗaga darajarsu a idonmu fiye da makin farkon.

Launukan biyar ma a karanta su da hankali. Ana raba su ne ta hanyar kwatanta yankin da kansa, saboda haka ko a ƙasar da duk ta lalace sai an sami shuɗi mai duhu, wato mafi dama-dama a cikin marasa kyau. Kuma shuɗi ba ya faɗin yawan ruwa. Sai ka tambaya: me suka kira nasara lokacin koyarwa? Famfon hannu irin India Mark II ko Afridev yana wadatuwa da kimanin lita 0.25 a daƙiƙa, wato jarka mai lita 25 ta cika a daƙiƙa 100. Mai son sumo da tankin sama na makaranta ko asibiti yana neman kusan lita 1 a daƙiƙa, lita 3,600 a awa, kuma a irin dutsenmu wannan ba kullum ake samu ba. Taswirar da aka koyar da rijiyoyin tuƙa-tuƙa ba ta san komai a kan buƙatar gidan ruwan leda ba.

Kafin ka biya sauran kuɗi akwai gwaji mai sauƙi. Ka riƙe rijiyoyi 20 ko 30 da ka san tarihinsu da kanka, rabi masu ruwa, rabi busassu, kada ka ba su tun farko. Idan taswira ta fito, ka ɗora lambobinsu a kai ka ƙirga. Idan busassun sun fi yawa a ja da ruwan ɗorawa, masu ruwan a shuɗi, an yi aiki. Idan sun cakuɗe, cinikin biri a sama aka so yi da kai.

Inda taswirar ta yi rawar gani shi ne rage yawo. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar agaji da ke da ƙauyuka 40 da kuɗin rijiya 15 tana buƙatar sanin waɗanne ne za a sha wuya, don a ware musu ƙarin kwanakin awo da kuɗin rami na biyu, waɗanne ne kuma za a iya bi da sauri. A ƙauyen gindin dutse, taswirar ta nuna abin da masu aikin suka sani amma masu unguwa ba sa son ji: daf da dutse ruwan sama yana kwarara da yawa, sai dai ƙasar ba ta da kauri, dutsen yana kwance a ƙarƙashi kamar tabarma. Sau da yawa gara a ja baya zuwa inda gangaren ya kwanta, musamman inda ƙorama ta miƙe sambal ko ta yi kwana mai kaifi, alamar tana bin tsaga. Mutane kan so famfo a ƙofar masallaci ko gidan mai gari. Takarda mai launi tana taimakawa wajen lallashi, wannan ma amfani ne ba ƙarami ba.

Amma daga nan sai ƙafa. Gidan taswira ɗaya murabba'in mita 900 ne, kusan fuloti biyu na ƙafa 50 a kan 100, kuma hukuncinsa ya dogara da ma'aunai da suka fi haka gwaɓi. Ba ta da idon da za ta ce a kafa inji a kusurwar gabas ta gidanka. Wannan aikin awo ne a wurin. Tsarin da ya dace: a bi layi biyu ko uku da na'urar EM34, mai faifai biyu da ke auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki, a gicciye da tsagar da ake zato, da tazarar mita 20 tsakanin faifanta tana leƙa kimanin mita 15 zuwa 30, da tazarar mita 40 kuma 30 zuwa 60. Inda ƙasa ta nuna laushi sai a yi awon lantarki na zurfi, a buɗe wayoyi har mita 100 kowane gefe. Sakamakon da ohm-mita yake fitowa, ma'aunin yadda ƙasa ke tare lantarki: a ƙa'idar aiki, ƙasa da ohm-mita 20 yumɓu ne mai riƙe ruwa ya hana. Tsakanin 30 da 150 shi ne ruɓaɓɓen dutsen da ake nema. Dubu zuwa sama lafiyayyen dutse. Da rani marmara kan bushe har lantarki ya ƙi shiga, sai an zuba ruwan gishiri a gindin ƙarafan. A cikin gari kuwa samun mita 200 miƙaƙƙe babu katanga, babu bututun ƙarfe, babu wayar wuta, shi kansa aiki ne, shi ya sa awon Sabon Gari da Tudun Wada ake karɓarsa da taka-tsantsan. Ofishin yana sayar da taswira da awo a haɗe ko a rabe. A haɗe ya kamata a saya, kuma ba mu ga dalilin da zai sa su yarda su sayar wa mai gida ɗaya taswira zalla ba.

Abu biyu taswirar ta yi shiru a kansu gaba ɗaya. Ɗaya ingancin ruwa. Fadama takan fito shuɗi mai duhu, kuma gaskiya ruwa yana kusa, amma a bakin Kubanni wannan ruwan ya sha kwatamin unguwanni. Dole a kai samfur ɗakin gwaji: sinadarin nitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, na fuloraid 1.5, na ƙarfe 0.3, ƙwayar cutar bayan gida kuma kada a ga ko ɗaya a mililita 100. Fuloraid abin dubawa ne musamman a yankin Dutsen Wai da Kudaru, don dutsen can ƙarami ne a shekaru kuma irinsa an san shi da wannan. Jajayen haƙoran yara a ƙauye alamar yawan fuloraid ce da ya kamata mai awo ya lura da ita. A nisanta rijiya da masai aƙalla mita 30, a toshe mita 5 na sama da siminti. Na biyu ɗorewa. Ruwan da kwamfuresa ke hurowa ranar haƙa yana ruɗi, musamman a Satumba. Gwajin famfo na awa 24 ga rijiyar da za a sa wa sumo, da auna yadda ruwan ke dawowa bayan an kashe, shi ne ke faɗin girman famfon da za a saka. Wanda aka yi a Afrilu ya fi na damina gaskiya.

Game da abin da ake miƙa maka: suna ba da rahoto a bugu da taswira a PDF, kuma rubutun Turanci ne mai nauyi, babu ko shafi ɗaya da kansila ko mai unguwa zai karanta. Fayilolin da za a buɗe a waya, KMZ na Google Earth ko GeoTIFF na QField, sai ka nema kafin a ba ka. Ka sa su cikin yarjejeniya tun farko, tare da jadawalin rijiyoyin da aka yi koyarwa da su: lambar wuri, zurfi, kaurin ruɓaɓɓen dutse, yawan ruwa, watan da aka auna, da wanda ya ba da bayanin. Idan jadawalin bai kai rijiya 100 ba, ko busassun gaskiya ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a ganinmu gara a kashe kuɗin a ƙarin awo. Ana iya neman tsofaffin bayanai a hukumar ruwan karkara ta jihar Kaduna, da cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando, da kundayen ɗalibai a sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, amma busassun ramuka a bakin tsofaffin direbobin injin haƙa suke, sai an bi su da shayi da haƙuri ana tambaya ƙauye-ƙauye. A kwangilar haƙan da za ta biyo baya kuma a rubuta cewa ba za a biya kuɗin kowane rami ba, mai ruwa ko busasshe, sai an kawo lambar wurinsa da takardar abin da aka tarar a kowace mita 3 ta zurfi.